Bunsurun da ya cinye mini dare uku

Kawuna malamin lakkal ne, mutumin Tahoua, amma aiki ya zaunar da shi a Yamai fiye da shekara ashirin. Wata Asabar cikin watan Afrilu, ana tsakiyar zafin nan da ko ƙadangare ke neman inuwa, ya shigo shagona na gyaran kwamfuta a Bukoki da baƙar leda a hannu. Ya zauna bisa benci, muka gaisa, ya sha ruwa, sannan ya kwance ledar. Faifan sede biyu ne cikin wani kwali da ya sha jiki. A jikin kwalin an rubuta Les Chevaliers de Baphomet, sunan wani tsohon wasan kwamfuta.

“Ɗan nan, wanga abu na yayana ne, Allah ya jiƙan shi. Daga Abijan ya taho da shi. So nike in gan shi yana tahiya bisa wagga na’ura tawa.”

Na’urar tasa laftof ce ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, da Windows 11 ta Faransanci da allon maɓallai na AZERTY. Ko ramin sa faifai ba ta da shi. Na ce, “Kawu, ka bar mini ita zuwa gobe.” Goben nan sai da ta kai kwana goma sha, kuma rabin jinkirin ni na jawo shi da hannuna.

Wasan sananne ne ga masu bin wannan fanni. Kamfanin Revolution Software na birnin York a Ingila ne ya yi shi a ƙarƙashin Charles Cecil, ya fito a 1996 da sunan Broken Sword, Faransawa suka raɗa masa nasu suna suka sa masa muryoyi da harshensu. Irin wasan kasadar nan ne da babu harbi babu tsere: kana nuna wuri da suri, wato linzamin kwamfuta, kana tsintar kaya, kana yi wa mutane tambaya, kana kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Wani Ba’amurke ɗan yawon buɗe ido, George Stobbart, yana zaune a bakin gidan shan kofi a Paris, bam ya tashi, shi kuma ya bi sawun wanda ya dasa shi tare da wata ƴar jarida, Nico Collard, har Ailan da Siriya da Sifen da Sikotilan. Don DOS, tsohon tsarin kwamfuta mai baƙin allo da ya riga Windows, da kuma Windows 95 aka rubuta shi, zamanin injin 486 da Pentium na farko, lokacin da mai RAM mega 16 ke tafiya yana ɗaga kafaɗa.

Matsalar farko ƙura ce kawai. Na aro na’urar karanta faifai mai shiga ta USB a wurin wani abokin sana’a da ke wajen kasuwar Katako. Faifai na ɗaya ya karantu lafiya lau. Na biyu ya yi ta gurnani a ciki, kwafi ya yi nisa ya tsaya cik, Windows ta ce “Erreur de données (contrôle de redondance cyclique)”, wato abin da aka karanto bai yi daidai da lissafin tantancewar da ke tare da shi ba. Na ɗaga faifan a hasken ƙofa. Hunturun Tahoua da na Yamai sun bar masa wani datti mai maiƙo, ga sawun yatsu birjik, amma babu ƙarzuwa mai zurfi. Na juya gefen da ke da rubutu na duba shi da kyau, don a faifan sede bayanan sun fi kusa da wannan gefen. Ƙarzuwa a gefe mai sheƙi sau da yawa ana tsira da ita, amma in ta ci gefen rubutu har haske na ratsawa, sai dai haƙuri. Namu ya tsira. Ruwa, ɗigon sabulun wanke kwano, tsumma mai laushi, ana shafawa daga tsakiya zuwa baki. Ba a bin zagaye, domin bayanan a zagaye suke kwance, kuma ƙarzuwar da ta bi layinsu ta fi ɓarna. Da ya bushe ya karantu. Nan take na ɗauki kowane faifai a matsayin fayil na ISO, wato kwafin faifan sukutum, na ajiye a kwamfutar da kuma a kile, ƴar ma’ajiyar nan ta USB, na mayar da faifan kwalinsu. Ban ƙara taɓa su ba.

Na danna shirin shigarwa na DOS, Windows ta ce “Cette application ne peut pas s’exécuter sur votre PC”, wato wannan shiri ba zai gudu a kwamfutarka ba. Kawu ya ce wani yaro ma ya taɓa gwada masa, ya ga wannan saƙon, ya yanke hukunci cewa faifan ya mutu. Faifan na nan da ransa. Windows mai bit 32 tana da wani ɓangare, NTVDM, da ke ba shirye-shiryen DOS da na bit 16 masauki. Mai bit 64 ba ta da shi, Windows 11 kuwa tun fitowarta a 2021 bit 64 kaɗai ake yin ta. Shi ya sa “mode de compatibilité” da kowa ke fara rugawa gare shi ba ya tsinana komai a nan. Iyakarsa ya gaya wa shiri ai Windows 95 ce wannan, ya rage launuka zuwa 256, ya ƙanƙance fuska zuwa 640 da 480. Ɗakin baƙin da aka rushe, ba shi zai sake gina shi ba. Fasalin Windows 95 da ke faifan kuwa ban ɓata lokaci a kansa ba, don ko ya tashi sai na yi kokawa da launuka da tsohon DirectX, sashen Windows mai kula da hoto da sautin wasanni.

Sai na koma DOSBox. Shiri ne na kyauta da ya fara fitowa a 2002, yana ƙirƙiro tsohuwar kwamfuta sukutum a cikin sabuwa: injinta, katin hotonta, katin sautinta, har da DOS ɗin. A nan AZERTY ta nuna hali. Na buga “mount”, abin da ya fito “;ount”. Na buga “c:”, ya fito “c.”. DOSBox ya ɗauka allon Amurka ne a gabansa. Maganin kalma biyu ne, “keyb fr”, kuma abin daɗin shi ne haruffan nan shida duk wuri ɗaya suke a alluna biyun, don haka ana iya buga su ko allon na cikin ruɗu. Mu da yawancin kwamfutocinmu daga ƙasashen Faransanci suke zuwa, wannan ƙaramin abu ya kori mutane da yawa daga DOSBox tun a bakin ƙofa.

Sauran ya tafi da sauri. Na ɗaura fayilolin ISO biyu da umarnin “imgmount” a matsayin faifai D, ta yadda in wasan ya nemi a canza faifai sai a danna Ctrl da F4. Da aka zo tambayar katin sauti na zaɓi Sound Blaster 16, adireshi 220, IRQ 7, DMA 1, wato lambobin da wasan ke samun katin da su. Wanda ya saba da katin na gaske hannunsa zai tafi IRQ 5, amma DOSBox a 7 yake zuwa, in an saɓa kuwa shiru ne zai biyo baya ko wasan ya sandare.

Wasan ya tashi ranar Litinin da la’asar, daidai lokacin da Kawu ya biyo daga lakkal. Paris cikin kaka, ganyaye na zuba, kiɗa na tashi a hankali. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, bai ce komai ba har hoton farko ya ƙare. Ni ma na yi kamar ina neman wani abu a durowa.

Duk da haka ban ba shi DOSBox ya tafi da shi ba. Mutumin da ke son ya zauna bayan isha’i ya yi wasa bai kamata a haɗa shi da baƙin allo da haddar umarni ba. ScummVM ya fi dacewa da shi. Ludvig Strigeus ne ya fara shi a 2001 don wasannin kamfanin LucasArts irin su Monkey Island 2, daga baya ya rungumi wasannin kamfanoni da yawa, Revolution ma na cikin waɗanda suka ba masu aikin haɗin kai, har suka saki Beneath a Steel Sky kyauta a 2003. Bambancinsa da DOSBox babba ne, kuma a riƙe shi don zai dawo a gaba. DOSBox yana kwaikwayon tsohuwar kwamfuta ne don tsohon shiri ya gudu a ciki. ScummVM ajiye tsohon shirin yake yi gefe, ya sa sabon inji da aka rubuta don kwamfutar yau, ya ɗauki hotuna da sauti da labarin kawai daga faifan. Aikin mai gyara shi ne ya kwaso dosiyoyin da ake bukata daga faifai biyun ya haɗa su wuri ɗaya: clusters, music, speech, da smackshi mai ɗauke da gajerun bidiyon wasan.

Na kwashe na faifai na ɗaya. Da na zo na biyu, Windows ta ce akwai fayiloli masu suna iri ɗaya, a maye gurbinsu ko a tsallake? Na duba biyu uku daga cikin na kiɗa, girmansu ɗaya, abu ɗaya ne aka maimaita. Na ce a tsallake duka. Na gyara fuskar don kada hoton 4:3 ya miƙe a faffaɗan ekaran har George ya koma kamar kabewa, na sa alamar buɗe wasan a fuskar farko ta Windows, Kawu ya tafi da abinsa ranar Talata.

Daren Alhamis ya bugo waya.

“Ɗan nan, mutanen Ailan sun zama bebaye.”

“Kamar yaya, Kawu?”

“A Paris kowa na magana. Da munka iso Ailan, baki na motsi, kiɗa na tashi, murya babu.”

Bayanin nan nasa ya fi na masu kawo gyara da yawa, don ya faɗi inda abin ke aiki da inda ya daina. Kiɗa na fita, ke nan katin sauti da lasifika ba su da laifi. Paris na magana, ke nan ba a kashe murya a saiti ba. Me ya raba Paris da Ailan? Faifai. Sassan Paris a faifai na ɗaya suke, Ailan da Siriya da Sifen da Sikotilan a na biyu. Kowane faifai yana da fayil ɗinsa na muryoyi, kuma dukansu biyu sunansu speech.clu. Suna ɗaya, ciki daban. A da wannan ba ya damun kowa, tunda faifai ɗaya ne ke cikin na’ura a kowane lokaci. Ni da na ce a tsallake duka, na jefar da muryoyin rabin wasan tare da kiɗan da aka maimaita. Ƙa’idar ita ce a sake wa na farko suna speech1.clu, na biyu speech2.clu. Da safe ya kawo ta kafin ya wuce aiki, minti biyar mutanen mashayar Lochmarne, ƙauyen Ailan na cikin wasan, suka samu baki.

Da a nan aka tsaya da ban rubuta komai ba.

Ranar Asabar ya dawo, fuska a murtuke. Ya ce wasan ya tsaya, ba ya gaba. Ya buɗe ya nuna mini. George ya shiga farfajiyar wani tsohon kango a Lochmarne, yana son ya kai ga wata mashiga ta ƙarƙashin ƙasa. Ga wani bunsuru a ɗaure. Da George ya doshi mashigar sai bunsurun ya zabura ya tunkuye shi, ya faɗi wanwar, ya tashi ya kakkaɓe, bunsuru ya koma wurinsa. A sake, haka. Kawu ya ce ya gwada ba shi duk abin da ke aljihun George, ya gwada yi masa magana, ya koma ƙauyen ya sake tambayar kowa. Na karɓi surin na gwada sau goma. Abin da idona ya gani shi ne saurin dabbar: kafin ka ƙifta ta iso.

Nan ilimina ya yaudare ni. Duk wanda ya daɗe da tsofaffin wasanni ya san cutar sauri. Kwamfutar IBM ta 1981 tana gudu a megahaz 4.77, kuma masu rubuta shiri da yawa na wancan zamani bugun injin suke ƙirgawa a madadin agogo. In ana son jira na daƙiƙa ɗaya, sai a sa injin ya zagaya wani lissafi sau kaza. Da injuna suka ƙara gudu, daƙiƙar ta koma ƙiftawar ido. Dalilin maɓallin Turbo ke nan a jikin tsofaffin kwamfutoci: a iya rage gudu don tsofaffin shirye-shirye. Space Quest IV na Sierra, na 1991, ya yi suna a wannan: akwai wurin da ƴan sanda ke bin ɗan wasa a filin zamiya, a kwamfuta mai sauri suna harbe shi tun bai motsa ba. Shirye-shiryen da aka rubuta da Turbo Pascal 7 kuwa, da dama cikinsu ko tashi ba sa yi in injin ya wuce wajen megahaz 200. A farkon tashi suna auna gudun injin su raba, sakamakon ya fi ƙarfin ma’ajinsa na bit 16, sai su faɗi da “Runtime error 200”. To ga laftof ɗin Kawu mai gudun fiye da megahaz 2000, ga wasan zamanin megahaz 66, ga dabba mai saurin walƙiya. Na ce masa da cikakken ƙarfin gwiwa, “Kawu, na gane. Kwamfutar ce ta yi wa bunsurun sauri.”

Da na tsaya na yi tunani minti ɗaya, da na tuna abin da na faɗa a sama da bakina. A ScummVM tsohon shirin ba ya gudu sam. Sabon injin da agogo na gaskiya yake aiki, gudun kwamfuta ba ya ƙara wa bunsuru ko taku ɗaya. Amma na riga na ƙulla zato, sai na shiga neman abin da zai gaskata shi. Na koma DOSBox inda zan iya riƙe linzamin gudu da hannuna. Ban da ajiyar wasa a can, dole na faro daga gidan kofin Paris, na bi ta magudanar ruwa, na bi otal, har na iso Ailan. Dare biyu ke nan, ga ɗaukewar kuran, ga fankar laftof na kuka saboda zafi har sai da na ɗora ta bisa murfin kwalba huɗu don iska ta ratsa ƙarƙashinta. A dare na uku na tsaya gaban bunsurun. DOSBox yana auna gudu da abin da yake kira cycles, Ctrl da F11 na ragewa, Ctrl da F12 na ƙarawa. Na kafa shi a 30000. Tunkuyi. 20000. Tunkuyi. Na sauko 10000, na sauko ƙasa da haka, har George ya koma tafiyar hawainiya, kiɗa na tsinkewa. Bunsurun ma ya rage gudu daidai gwargwado, ya taho a hankali cikin natsuwa, ya tunkuye shi.

Wannan gwaji ya kashe zatona. In da cutar sauri ce, da rage gudu ya canza sakamako. Inji biyu mabambanta, gudu iri-iri, hali ɗaya: haka aka gina wurin.

Washegari na tafi gidansa bayan magariba. Ana dafa shayi a ƙofar gida, na zauna, na yi masa tambayar da ya kamata in yi tun ranar Asabar.

“Kawu, a da can, ku da marigayi, kun taɓa wuce wurin bunsurun nan?”

Ya yi shiru, ya juya kofin shayi a hannu.

“Ba mu taɓa ba. Nan munka tsaya. Wata guda muna hama da shi, sai yaya ya ce hala faifan na da ciwo. Daga baya na’urar tasa ta lalace, shi ke nan.”

Wato tun kafin a ƙera laftof ɗin nan, a kan irin kwamfutar da aka yi wasan dominta, bunsurun yana nan yana tunkuyi. Jimla ɗaya da ta tsare mini dare uku. Shi bai faɗa ba don a ganinsa ba ta shafi gyara ba, ni ban tambaya ba don na zo da amsata a aljihu. Ko amsar wasan ban nema ba a duk kwanakin nan, saboda maganin cuta nake farauta, bai zo mini a rai cewa kacici-kacici ne a gabana ba. Mai kawo tsohon wasa ya ce “ya tsaya” yana iya nufin abu uku: shirin ya faɗi, ko wani fayil ya ɓace, ko shi ne bai san abin yi ba. Yanzu kafin in taɓa saiti ina tambaya ko wurin ya taɓa wucewa a hannunsa, a wace na’ura, kuma suri na motsi ko ya sandare.

Muka buɗe wasan a nan bisa tabarma. Tunda an cire zancen lalacewa, Kawu ya daina kallon mashigar ya koma kallon dabbar. Mutumin Adar ne, ya yi kiwo yana yaro.

“Dakata. Wanga bunsuru ɗaure yake. Dubi inda igiyarshi ka kaiwa. In ya kai hari, sai ya juya ya koma turke, ko? To lokacin da ya ba da baya, mi George ke yi?”

“Yana kwance, Kawu.”

“Wancan ƙarhe da ke gehe, na mine ne?”

Wata tsohuwar garma ce a ɗaya gefen farfajiyar. Mun sha danna ta a baya, bunsurun na tare hanya. Abin da ba mu taɓa yi ba shi ne danna ta a daidai lokacin da George ke ƙasa, bunsurun na komawa. Gwaji na farko na makara. Na biyu Kawu ya karɓi surin da kansa, ya bari aka tunkuye George, ya danna. George ya zabura ya ruga ya ja garmar ta ɗan gusa, bunsuru ya sake kawo hari, igiya ta sarƙe a ƙarfen, ya tsaya yana fizge-fizge. Kawu ya buga cinyarsa har shayi ya zube.

Daga baya na ga ashe ba mu kaɗai ba ne. Wurin nan na cikin kacici-kacicin da suka fi yin ƙaurin suna a tarihin wasannin kasada, kuma dalilin a fili yake: tun daga Paris har zuwa nan wasan ya saba wa mutum da natsuwa, ka tsaya ka yi tunani yadda kake so, sai kwatsam a nemi saurin hannu ba tare da an nuna maka ba. A sabon fasalin da aka fitar a 2009, Director’s Cut, an sauƙaƙa wurin. A ganina da sun bar shi yadda yake sun ƙara wata ƴar alama kawai, amma wannan ra’ayin wanda ya riga ya wuce ne.

Kafin in tafi na nuna masa yadda zai riƙa ajiye wasa a gurabe daban-daban, kada ya dinga danne guda ɗaya, saboda in kuran ya ɗauke batir ya mutu ana tsakiyar ajiya, kada tafiyar duka ta salwanta. Na kwafe masa dosiyen ajiyar, wanda ScummVM ke ɓoyewa a cikin AppData, zuwa kilen da ke ɗauke da fayilolin ISO. Faifan biyu ya mayar da su baƙar ledarsu ya sa a akwati.

Bayan mako guda, wajen ƙarfe goma na dare, waya ta yi ƙara.

“Ɗan nan, na kai Siriya. Akwai wani mai tsire a kasuwa, ya ƙi kula ni. Ko wani abu ya kuma lalacewa?”

“Kawu, murya na fita?”

“Tana hita.”

“Suri na motsi? George na tafiya?”

“Yana tahiya.”

“To wannan tsakaninka ne da mai tsire.”

Ya yi dariya, ya ce in gaida mutanen gida, ya kashe wayar.